Dutse Da Takardarsa: Darasi Daga Kasuwar Tuson

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka akwai wani gari da ake rubuta sunansa Tucson, amma a baki Tuson ake cewa. Duk shekara, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, garin nan kan koma kasuwar duwatsu sukutum. Abin ya faro ne a shekarar 1955, lokacin da ƙungiyar masu sha'awar duwatsu ta garin ta shirya ɗan baje koli a wata makarantar firamare. Yau baje kolin ƙungiyar ya koma babban zauren taro na birnin, kuma a kewayensa wasu kasuwannin kusan 40 sun tsiro, a cikin tantuna da rumbunan ajiya da otal-otal. Har ɗakin kwanan otal dillali kan kama, ya jera duwatsu a kan gado da tebur, ya bar ƙofa a buɗe masu saye su riƙa shiga. Akwai irin wannan taro a Munik ta Jamus a watan Oktoba, da Sainte-Marie-aux-Mines ta Faransa a watan Yuni, da Denba a watan Satumba, amma na Tuson shi ne uba.

Me ake bajewa? Manyan kogunan amatis masu launin shuni daga Barazil da Yurugwai, wasu sun fi mutum tsayi. Fairait daga Navajún ta Sifen, wanda ke fitowa daga ƙasa da kusurwoyi daidai kamar an yanka shi da inji. Koren dayoftes daga mahaƙar Tsumeb ta Namibiya, akwamarin daga tsaunukan arewacin Pakistan, jan banadinait daga Mibladen ta Maroko. A gefe guda kuma ga kifayen da suka zama dutse, ga haƙoran dainoso, ga duwatsun da suka faɗo daga sama. Manyan gidajen tarihi irin su Smithsonian kan kawo abin da suke ji da shi don a gani kawai, ba na sayarwa ba. Kuma a cikin kayan da ake jerawa akwai namu: tomalin da tofas da akwamarin da safaya na Nijeriya.

Abin da nake so mu duba shi ne 'yar ƙaramar takardar da ake ajiyewa a gaban kowane dutse. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ce. Ga masu wannan harka kuwa, rabin darajar dutsen a jikinta yake.

Dutse ɗaya, kasuwa uku

Bari mu fara da abin da aka koya mana tun shekarar farko, don 'yan sauran sassa su biyo mu. Ma'adini shi ne abu daskararre wanda ya samu da kansa a ƙasa, yana da sinadaran da aka san shi da su, kuma ƙwayoyin zarrarsa a jere suke bisa tsari. Wannan tsari na ciki shi ke fitowa waje ya ba da siffar da muke kira kiristal. Nau'o'in ma'adinan da masana suka amince da su a yau sun kai kimanin 6,000. Dutse na yau da kullum kuwa, irin su giranit, gamayyar ma'adinai ne.

To ma'adini guda yana iya shiga kasuwa ta ƙofa uku. Akwai mai sayen ɗanyen ma'adini don a narka a fitar da ƙarfe: shi kilo ko tan yake aunawa, ba ruwansa da kyau, ko gari ka kawo masa zai saya. Akwai mai sayen dutsen ado don a yanka a goge a ɗora kan zobe: shi karat yake aunawa, karat ɗaya kuwa giram 0.2 ne, kuma launi da tsabtar ciki yake dubawa. Sai na uku, wanda ba mu cika saninsa ba a nan, wato mai tara samfur. Shi dutsen yake so yadda Allah Ya halicce shi, kiristal ɗin na zaune a kan uwar dutsen da ya tsiro a kai, tsininsa bai karye ba, fuskokinsa na sheƙi. Ba zai yanka ba, ba zai narka ba, a kabad ɗin gilashi zai ajiye. Har rabe-raben girma gare su. Akwai waɗanda ba sa tara komai sai ƙananan da za su shiga akwati mai faɗin inci ɗaya da kwata.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na mahaƙar Sweet Home da ke kusa da garin Alma a jihar Kolorado. Tun shekarun 1870 ake haƙar azurfa a wurin, kuma ba ta taɓa yin wata riba ta a zo a gani ba. A cikin ramin akwai wani jan ma'adini mai suna rodokurosait, wanda masu neman azurfa ba su ɗauke shi bakin komai ba. A 1991 wasu suka sake buɗe ramin, ba don azurfa ba, don wannan jan dutsen kaɗai. Idan suka iske kogon da kiristal ke ciki sai su ajiye nakiya, su ɗauko zarto mai haƙoran daimon su yanko bangon gaba ɗaya a hankali. A 1992 suka ciro wanda ake kira Alma King, kiristal guda ja wur mai faɗin kusan santimita 15, yanzu yana gidan tarihin kimiyya na Denba.

Ka kwatanta da yadda ake yi a ramukanmu. Mai haƙa ya iske kogo, sai guduma. A fasa uwar, a ɓalle kiristal, a zuba a buhu su yi ta gogar juna a bayan babur har a isa wurin dillali. Ban ga laifin mai haƙa ba. Dillalin da ke zuwa wurinsa sikeli yake kawowa, kuma uwar dutse nauyin banza ce a wurinsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tomalin ɗin da cikinsa ke da tsaga, wanda mai yanka zai raina, idan aka bar shi a kan uwarsa da tsininsa lafiya, akwai wani can da zai saya don siffarsa kawai. Kaza ce ta kwana a kan dami. Kuma bugu ɗaya na guduma ya isa, abin da ya karye ya karye kenan.

Abin da takardar ke faɗa

A kan takardar nan ana rubuta sunan ma'adinin, da sunan ramin da aka haƙo shi, da gari, da jiha, da ƙasa. Sau da yawa har da shekarar da aka samo shi da sunayen waɗanda ya bi ta hannunsu. Idan samfur ya canza hannu ba a yar da tsohuwar takarda, tare suke tafiya, kuma wanda ya zo da tsofaffin takardu na shekara ɗari ya fi tsada.

Dalili shi ne sunan ma'adini ana iya sake gano shi a ɗakin gwaji kowane lokaci. Ko ka rubuta kuskure wani zai gyara. Wurin da aka samo shi kuwa, idan ya ɓace, da wuya a dawo da shi. Ga ɗalibin ilimin ƙasa wurin shi ne labarin. Tofas da ka san daga wane tsauni ya fito yana gaya maka irin giranit ɗin da ke wurin, da yiwuwar samun kuza a kusa. Tofas da ba ka san inda ya fito ba, dutse ne mai kyau kawai.

Ga yadda suna ke juya kuɗi. A ƙarshen shekarun 1980 aka samo wani tomalin a jihar Paraíba ta Barazil, shuɗi mai haske kamar an kunna masa fitila a ciki, saboda tagullar da ke jikinsa. Da ya bayyana a Tuson a 1990 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki. Wajajen 2001 sai aka samu irinsa mai tagulla a kudu maso yammacin Nijeriya, daga baya kuma a Mozambik. Aka yi ta gardama ko za a kira su da sunan Paraíba, daga ƙarshe manyan ɗakunan gwaji suka yarda a kira su haka ko daga ina suka fito. Wato dutsen Nijeriya yana yawo a duniya da sunan jihar wasu. Duk da haka na Barazil ya fi kuɗi, har mai saye kan biya ɗakin gwaji ya auna ƙananan sinadaran da ke ciki don a tabbatar masa da ƙasar.

Yawancin duwatsunmu kuwa da kalma ɗaya suke isa kasuwa: Nijeriya. In an matsa a ce Filato, ko Oyo. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da 900,000! Na san akwai dalili. Mai rami yana ɓoye wurinsa don kada a yi masa rubdugu, dillali yana ɓoyewa don kada mai saye ya tsallake shi, wani kuma ba shi da lasisi, tunda a tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa wasu wuraren ko sunansu ba a son kamawa. Amma ribar wannan ɓoyo ta mutum ɗaya ce, asarar kuwa ta yankin ce duka. Tsumeb an rufe ta tun 1996, amma har gobe sunanta na ƙara wa dutse kuɗi. Safayar Mambila kuwa da ta shiga hannun masu yanka a Bankok ta gauraya da ta wasu ƙasashe, shikenan sunan Taraba ya bi ruwa.

Kafin ka rubuta suna, gwada

Launi shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ya fi yaudara. Zumurrudu da akwamarin ma'adini ɗaya ne, beril, ɗan abin da ya gauraya a ciki ne ya sa wannan kore wancan shuɗi. Jan yakutu da safaya su ma abu ɗaya ne, korandam. Kwaz kuwa babu launin da ba ya zuwa da shi. Don haka akwai gwaje-gwajen da suka fi launi gaskiya, kuma yawancinsu ba sa buƙatar wutar lantarki, abin da ya dace da ɗakin gwajinmu.

Na farko tauri. A 1812 Bajamushe Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma, kowane yana karce na ƙasa da shi: talk 1, jifsam 2, kalsait 3, fulorait 4, afatait 5, otokiles 6, kwaz 7, tofas 8, korandam 9, daimon 10. Farcenka kusan 2.5 ne, wuƙa da gilashin taga kusan 5.5. Ka lura jeri ne kawai na wa ya fi wa. Tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ta fi duk sauran nisa. Kuma don Allah kada ka karce fuskar kiristal mai kyau, nemi gindi ko wani ɓalli da ya riga ya karye.

Na biyu zane. Ka goga dutsen a bayan farin tayil, inda ba a shafa ƙyalli ba, ka duba launin garin. Hematait ko da baƙi ne a ido zanensa ja-ja ne. Fairait, wanda ya sha sa mutane murnar sun tsinci zinare, zanensa baƙi-baƙi ne mai ɗan kore. Zinare zanensa ruwan ɗorawa ne, kuma in ka buga shi lanƙwashewa yake yi, fairait kuwa ya farfashe.

Na uku nauyi, kuma shi na fi so a riƙe. Ka auna dutsen a iska, ka sake auna shi a rataye cikin ruwa, sai ka raba nauyin iska da bambancin da ke tsakaninsu. A ce ya yi giram 75 a iska, 65 a ruwa. Bambanci 10, ka raba 75 da 10, ka samu 7.5. In dutsen ruwan toka ne mai ƙyallin ƙarfe, yana kuma ɓallewa a murabba'i, to galina ce. Kwaz 2.65 yake bayarwa, kuza kusan 7, zinare tsantsa 19.3. Wannan gwajin shi ke raba gardamar da ake yawan yi a kan duwatsun Filato: tofas mai ruwan shuɗi da akwamarin sun yi kama a ido, amma tofas kusan 3.5 ne, akwamarin kusan 2.7. Ko a tafin hannu wanda ya saba zai ji bambanci.

Sai ɗigon asid mai rauni, wanda ke sa kalsait da dutsen farar ƙasa kumfa. Sai lens na hannu mai ninka girma sau goma, wanda da shi ake kama fasasshiyar kwalba da aka goge aka kawo a matsayin zumurrudu: za ka ga kumfar iska zagayayyu a ciki, kuma kwaz zai karce ta.

Tunda na ambaci galina, bari in tsaya kaɗan. Ita ce dutsen da ake niƙawa a yi tozali tun zamanin kakanni, kuma dalma ce da farar wuta. Akwai al'adar da wasu 'yan ajinmu ke ji da ita ta lasar dutse don a ga ƙwayoyinsa da kyau. A daina. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. In ka taɓa samfur ka wanke hannu kafin ka ci abinci, kuma kada ka ajiye shi inda ƙannenka za su ɗauka.

Ɓangaren ƙasusuwa

Fosil shi ne burbushin wata halitta ta zamanin da, ko alamar da ta bari, wanda ya tsira a cikin dutse. Samuwarsa sai da sa'a. Dole laka ko yashi ya binne halittar da wuri kafin ta ruɓe ko a cinye ta. Daga nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa ratsa ƙashin yana ajiye ma'adinai a ƙofofinsa har ya zama dutse. Wani lokaci kwanson ya narke ya bar gurbinsa, wani abu ya cika gurbin ya ɗauki siffarsa. Sawun ƙafa da rami da kashi duk suna shiga lissafi. Shi ya sa ake neman fosil a duwatsun da suka samu ta hanyar kwanciyar laka da yashi. Wanda ya je nema cikin giranit ya ɓata takalminsa.

A Tuson, in ana maganar fosil, Maroko ce ke cika tantuna. A yankin Alnif da Erfoud akwai iyalai da dama da sana'arsu kenan: haƙo tirilobait, wasu ƙwarin teku masu sulke da suka ƙare shekaru miliyan 250 da suka wuce, da fito da su daga cikin dutse da allura da haƙuri. Gwanayen cikinsu aikinsu ba a cewa komai. Amma inda kuɗi ya shiga, algus ma ya shiga. Ana zuba roba a mazubi a fitar da tirilobait na jabu a manna a kan dutse na gaske. Ana kwaso haƙoran mosaso na gaske daga mahaƙar fosfat ta Khouribga, a dasa su a muƙamuƙin da aka gina da filasta da yashi. Masu saye sun koyi duba ƙananan ramukan kumfa a jikin robar, da haska fitilar ultarabayolet don gam ya tona kansa, da taɓa wurin da allura mai zafi. Idan ka ga goma a jere duk kamarsu ɗaya har da inda suka lanƙwasa, ai ka san mazubinsu ɗaya. A ɓangaren ma'adinai ma haka ne: ana gasa amatis ya koma ruwan ɗorawa a sayar da sunan sitirin, ana rina aget, ana manna kiristal a kan uwar da ba tasa ba. Gyara ba laifi ba ne a wannan kasuwa matuƙar an rubuta a takarda cewa an gyara. Ɓoyewar ce ha'inci.

Kada ku ɗauka 'yan koyo kaɗai ake yi wa. A Fabrairun 1999 mai wani ƙaramin gidan tarihi a jihar Yuta ya sayi wani fosil a Tuson a kan dala 80,000. An yi fasa-ƙwaurinsa ne daga lardin Liaoning na ƙasar Sin. Jikinsa na tsuntsu, wutsiyarsa ta dainoso. A Nuwamban shekarar mujallar National Geographic ta buga shi da sunan Archaeoraptor, a matsayin babban abin da aka gano. Ba a jima ba wani masani ɗan Sin, Xu Xing, ya ci karo da ɗaya ɓarin dutsen da wutsiyar ta fito, sai ga ta a jikin wata dabba daban. Hoton na'urar sikan ya nuna gutsattsari ne aka harhaɗa da gam. Mujallar ta sha kunya. Abin takaicin shi ne ɓangarorin na gaske ne kuma masu muhimmanci: jikin na wani tsuntsun da ne mai suna Yanornis, wutsiyar ta Microraptor. Da an san ramin da kowanne ya fito, da wanda ya haƙo, da wannan rikici bai taso ba.

Fosil ya fi ma'adini buƙatar takarda, don shekarunsa ba a jikinsa ake karantawa ba, a shimfiɗar dutsen da aka ciro shi ne. Wace shimfiɗa ce a samansa, wace ce a ƙasansa, me aka samu tare da shi, ta ina ya kwanta. Da zarar an ɓalle shi an jefa a buhu, wannan duk ya tafi.

Namu na gida

Wataƙila wani ya ce ina ruwanmu, mu da ba mu da dainoso. To muna da abin da ya isa. A ƙarshen zamanin Kiretashiyos da farkon wanda ya biyo baya, wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta a inda Sakkwato take yau. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, lakar wannan teku ce, cike da kwanson halittun ruwa. A yankin Goronyo aka samo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis a 1972. A Ashaka ta jihar Gwambe kuma, dutsen simintin wurin ya shahara a wurin masana saboda amonait, masu kwanso a naɗe kamar gammo. Duk wanda ya yi aikin koyon sana'a a irin waɗannan wurare ya san ana takawa a kansu.

Maƙwabtanmu na Nijar kuwa nasu ya wuce misali. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, akwai ɗaya daga cikin manyan maƙabartun dainoso na Afirka, masu shekaru kimanin miliyan 110. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a wurin tun shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya biyo. Daga can aka samo Ouranosaurus, da Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora kusan 500, da Sarcosuchus, dangin kada na zamanin da wanda aka ƙiyasta tsawonsa daga mita 9 zuwa 12. Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga wasu ƙasusuwan a tsaye. Waɗannan sun samu suna ne saboda an haƙo su bisa ƙa'ida, an rubuta komai.

Farashi ne ke neman ɓata wannan ƙa'ida. A Amurka fosil ɗin da aka samu a gonar mutum nasa ne, yana iya sayarwa. A 2020 an yi gwanjon ƙasusuwan wani T. rex mai laƙabin Stan a kan dala miliyan 31.8, a 2024 kuma wani Stegosaurus mai laƙabin Apex ya kai miliyan 44.6. Wane gidan tarihi na jami'a ne zai iya wannan ciniki? Kuma da labarin irin wannan kuɗi ya bazu, sai haƙa ta ɓarke a ƙasashen da dokarsu ta hana. A 2012 an yi gwanjon wani Tarbosaurus a Niyok a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai. Gwamnatin Mongoliya ta tashi tsaye ta ce nata ne, masana suka tabbatar daga hamadar Gobi ya fito, a 2013 aka mayar da shi, dillalin kuma ya sha ɗauri. Abin da ya ceci Mongoliya shi ne dokarta a rubuce take, kuma an yi nazarin duwatsunta sosai har ana iya gane nata.

Ni ban goyi bayan masu cewa a hana sayar da fosil kwata-kwata ba. Haƙorin kifin shak da amonait suna da yawan da in aka sayar wa ɗan makaranta ba a rage wa kimiyya komai ba, kuma mutanen Alnif da wannan suke ci. Inda nake ganin ya kamata a ja layi shi ne a kan abin da ba shi da na biyu: ƙoƙon kai, cikakken ƙwarangwal, halittar da ba a taɓa gani ba.

Akwai labari biyu na duwatsun sama da suka nuna bambancin nan ƙarara. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, a lardin Katsina. Aka kai shi hukumar binciken ƙasa a Kaduna, aka rubuta rana da wuri. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Al'adar masana ita ce a sa wa irin wannan dutse sunan wurin da ya faɗi, don haka yau duk wanda ke nazarin Mars a duniya ya san kalmar Zagami, kuma 'yan gutsattsarinsa da ke yawo a kasuwannin masu tarawa da wannan suna ake sayar da su. Na biyun an tsince shi ne a yankin Agadas a Nuwamban 2023, nauyinsa ya kusa kilo 25, shi ne mafi girman dutsen Mars da aka taɓa samu. Sunansa NWA 16788. Haruffan nan suna nufin arewa maso yammacin Afirka ne kawai, laƙabin da ake ba duwatsun Sahara da suka bi ta hannun 'yan kasuwa. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a Niyok a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida.

In mun fita daji

Mu da za mu fita aikin taswira a wannan zango, da ƙannenmu da ke tafe, ga abin da ya rage namu. Kafin ka taɓa samfur ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka ajiye biro ko guduma a gefe don a gane girma. Ka ɗauki lambobin GPS da wayarka, ba sai da sabis ba. In kiristal ne a kan uwa, ka sara nesa da shi da cizal ka ɗauko shi da uwarsa, nauyin ba zai kashe ka ba. Kowane samfur a naɗe shi shi kaɗai a tsohuwar jarida. A ba shi lamba, a rubuta lambar a jikinsa a kan ɗan ɗigon farin fenti, a kuma rubuta ta a littafi, don takarda na iya rabuwa da dutse. A littafin ka sa rana, da sunan ƙauye mafi kusa, da ƙaramar hukuma, da irin dutsen da ke kewaye, da sunanka. Da fensir za ka rubuta, biro na zuba in ruwa ya taɓa shi. Sunan ma'adinin shi ne na ƙarshe, kuma in gwaji bai tabbatar ba ka sa alamar tambaya a gabansa.

In kuma ƙashi ne babba ka gani yana leƙowa daga ƙasa, kada ka ciro. Ka yi hoto, ka ɗauki lambobi, ka gai da mai gari ka sanar da shi, sannan ka kai wa malamin da ya fito da ku.